Ƙwaryar da Aka Ware wa Modu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rabi'u Sani, 1355, wadda ta yi daidai da ɗaya ga Yuli, 1936, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Modu Kuku a gidan yayansa Badaru, nan cikin garin Lafia, bayan zazzaɓin kwana tara. Ni Abdulsalami, malamin makarantar elemantare, na rubuta wannan don a karanta ranar sadakar bakwai. Na san akwai waɗanda ba za su ji daɗinsa ba. Su ma da su nake.

Modu, shekara tara ke nan da wata babbar mota ta tsaya a bakin kasuwa. Ba mu taɓa ganin irinta ba. An gina mata ɗaki a baya, da taga, da gado, da murhu. Wani Bature da matarsa ne a ciki, suna neman mai dafa abinci wanda ke jin Barbarci, ya raka su zuwa Barno. Kai ka sha Barbarci a bakin mahaifiyarka, Iya Fanna. Matarka kuma ba ta daɗe da rasuwa ba, gida ya yi maka zafi. Ka damƙa ɗanka Ƙasimu, mai shekara goma sha ɗaya, a hannun Badaru, ka ce wata uku za ka yi. Iya Fanna ta ƙulle maka gishirin garin Keana a ƙyalle, ta ce ka riƙa tuna miyar gida.

Wata ukun nan ya zama shekara bakwai. Daga Barno motar ta miƙa gabas, ta ratsa ƙasar Cadi da Faransawa ke mulki, ta shiga Sudan, ta gangara har Masar, sannan ta juyo. Ka gaya mini kullum kana cewa gari na gaba za ka sauka, sai ka duba ka ga ba ka san hanyar dawowa kai kaɗai ba. Wannan laifi ne, kuma ba ka taɓa musun sa ba. Iya Fanna ta rasu ba ta sake ganinka ba, ka yi ta kukan wannan har ka koma ga Allah.

Ina nan ranar da ka dawo. Ka sauko daga jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe ɗaya, ka rame, furfura ta fito maka. Ka shiga zauren gidanku ka durƙusa, ka ce, "Yaya, na dawo." Badaru bai miƙa maka hannu ba. Cewa ya yi, "To, Bature, ka sha hanya." Da aka kawo abinci, maza suka kewaye akushi kamar yadda aka saba. Ka wanke hannu ka matso. Sai ya ɗaga murya ya kira cikin gida, aka fito da wata tsohuwar ƙwarya, ya sa aka ƙona bakinta da garwashi don kada ta ɓace cikin sauran. Ya ce hannun da ya shekara bakwai yana dafa wa Nasara alade ba zai shiga akushinsa ba. Ya juya ga Ƙasimu, wanda ya zama saurayi, ya ce, "Kai, zauna nan kusa da ni."

Wa ya ga ka dafa alade? Babu. Wani ɗan kasuwa ne ya ce wani ya ce ya gan ka a wani gari da gajeren wando da hular kwano. A kan wannan aka yanke maka hukunci, ba wanda ya tambaye ka. Ni na tambaye ka. Ka ce tun ranar farko ka yi sharaɗi da Baturen cewa ba ka taɓa naman nan, in suna so matarsa ta buɗe gwangwaninta da kanta. Tukunyarka daban ce, a ɗaure a ƙarƙashin mota. Kaza ko rago, kai ke yankawa. In ƙasa ta jiƙe ko kana tsoron maciji, saman motar kake hawa ka yi sallah, har Baturen ya saba, in rana ta karkata sai ya taka burki ba ka ce komai ba. Na ce, to me ya hana ka faɗa wa Badaru? Ka yi murmushi ka ce, "Malam, na faɗa sau biyu. Na uku kuma roƙo ne."

Shekara biyu kana ci a ƙwaryar nan, a bakin ƙofa, ka ba mutane baya don kada su ji nauyi. Mu kuwa a makaranta mun ci ribarka. Kowace Alhamis kana zuwa, ka share ƙasa, ka zana wa yara hanyarka da kara. Ga tafkin Cadi, ga yashin da motar ta kafe kwana huɗu har sai da kuka shimfiɗa mata tabarmi, ga kogin Nilu. Yaran da suke zaton duniya ta ƙare a garin Obi nan kusa suka fara tambaya. Wani ya ce ko a Masar ana noman doya. Ka ce, "Ina! Mutanen kirki ne, amma Allah bai ba su sakwara ba. Ku riƙa yi musu addu'a." Kai ka koya wa iyayensu tace ruwan rafi da ƙyalle a tafasa shi. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara da damina fartanya ta sari Badaru a ƙwauri, a gonarsa ta hanyar Agyaragu. Ciwon ya ruɓe ya zama gyambo, yana ɗoyi har 'ya'yan cikinsa suna toshe hanci. Kai ne ka durƙusa gabansa safe da yamma wata biyu cur, kana wanke shi da tafasasshen ruwan gishiri. Gishirin kuwa ragowar ƙullin Iya Fanna ne. Ka kai shi Masar ka dawo da shi, kana lasar kaɗan ranar salla kawai, ka ƙarar da shi a ƙafar yayanka. Malam Badaru, ina tambayarka a gaban jama'a: hannun da ya yi tsarkin matse maka ruɓa, yaya bai yi tsarkin shiga tuwonka ba? Ka warke, ka taka da ƙafarka ka je masallaci, ka dawo ka sa aka miƙa masa ƙwaryarsa a bakin ƙofa.

Ranar Laraba ma, Badaru, ba ka sake hali ba. Da aka zo wanka ka ce a nemo baƙo ya yi. Ni da liman muka yi. Mun ga tabon sujada a goshinsa, mun ga kantar gwiwoyinsa. Yanzu kana zaune kan buzu kana share hawaye, ana ce maka sai haƙuri. Ku ma 'yan unguwa da kuke ja da baya in ya miƙo hannu, kun cika zaure kuna cewa mutumin kirki ne. Yaushe kuka gane? Ni ma ba na wanke kaina. Na ci abinci da shi a gidana, amma ban taɓa buɗe baki a wancan zauren ba sai yau da ba ya ji.

Modu, abin da ya fi cin ranka ba ƙwaryar ba ce. Ɗanka ne. Ka ce mini ba ka son ka mutu Ƙasimu yana zaton kafiri ne ya haife shi. Shekara biyu yana gaishe ka daga nesa, yana kiran ka da sunanka. To ga labarin da ba ka tsaya ka gani ba. Ranar sadakar uku da hantsi ya zo gidana, idonsa jawur, ya ce, "Malam, ku ne kuka wanke shi. Don Allah ku gaya mini gaskiya." Na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Da na gama sai ya ce, "Wane abinci ya fi so?" Na ce sakwara da miyar riɗi.

Da azahar aka kawo abinci zaure, mutane cike. Ƙasimu ya shigo da ƙwaryar nan mai ƙonannen baki, da sakwara a ciki, ya zauna a bakin ƙofa inda kake zama, amma shi bai ba kowa baya ba. Badaru ya ce, "Kai, ajiye wannan. Ka san ta wane ne?" Ya ce, "Na sani, Baba. Ta ubana ce." Ya yi bisimilla ya sa hannu. Na tashi na je na sa nawa. Liman ya biyo ni. Badaru bai taso ba.

Allah ya jiƙanka, Modu. Ya gafarta maka daɗewar da ka yi, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da Iya Fanna a gidan da ba a ware wa kowa ƙwarya. Ƙasimu, Allah ya ba ka haƙuri, ya yi maka albarka, ya sa ka gaji zuciyarsa. Sauran dangi, na yi muku ta'aziyya kamar yadda addini ya ce. Malam Badaru, kai ma na yi maka, ina kuma roƙon Allah ya ba ka tsawon ran da za ka nemi gafara. Ƙwaryar tana hannun Ƙasimu, a cikinta yake ci kullum, kuma akwai wurin hannu ɗaya.