Gabas a Taswirar Kawu

Bayan na yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa, sai na haɗa taswirar fadamar Haɗeja irin ta intanet, wadda in ka taɓa wuri labarinsa zai buɗe. Na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan fitar da ita ba sai kawuna, masuncin da bai taɓa zama a aji ba, ya bi ta daga Auyo zuwa Baturiya shi kaɗai.

Na miƙa masa wayar. Ya juya ta, hoton ya miƙe. Ya sake juyawa, hoton ya sake miƙewa.

"Malam, abin nan naka akwai gardama," in ji shi. "Ina gabas?"

Shekara talatin ina koya wa yara cewa arewa ce sama. Kawu kuwa sai ya fuskanci gabas, kamar mai salla, sannan yake sanin dama da hagu.

Na koma na mayar da gabas sama. Washegari ya ɗora yatsa a kan kogin, ya bi ruwa har Baturiya, yana dariya yana gyara mini sunayen tafkuna. Ranar na fitar da ita.