Kawu Gidaɗo, Masanin Filayen Jirgi Uku

Kawu Gidaɗo, ƙanen mahaifiyata, tela ne a Tambuwal. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgin sama, a hajjin 1976, lokacin da arzikin man fetur ya sa kujerar Makka ta sauko har kan masu keken ɗinki. Daga Kano suka tashi, jirgin ya tsaya Hartum ya sha mai, ya sauke su Jidda. Filaye uku ke nan, kuma a kansu ya yi shekaru yana ba da fatawa.

Kano ce ta ɗaya a wurinsa. A can jirginsu ya yi lattin kwana tara, ya shimfiɗa tabarma a sansanin alhazai, ya sha fura, har ɗinki ya samu. Jidda ta biyu: ga na'urar sanyi, ga famfo ko'ina, amma babu inda mutum zai hura gawayi. Hartum kuwa ta tagar jirgi ya hango ta, amma hakan bai hana shi yanke mata hukunci ba.

"Ba su da butoci," in ji shi. "Da gani ka sani."

Duk shekara maniyyata daga Sanyinna da Fakku sukan cika shagonsa. Yana taka keke yana koya musu abin da za su riƙa: garin tuwo, kurfoti na girki da gawayi, tabarma, haƙuri.

A 1981 yayarsu shi da mahaifiyata, Inna Na'inna ta Kebbe, ta sayar da shanun gadonta ta biya kujera. Ta haura sittin, gwiwa ta fara gardama, ba ta sa ran wata damar. A shekarar daga Sakkwato za a tashi. Ina gida hutun jami'a, ni na karanta mata takardar tafiyar: ranar Laraba.

"Wace Laraba?" Kawu ya yi dariya. "Yaya, jirgi ba ya tashi ranar da anka ce. In kin tafi Laraba, sauro za ki ciyar. Ki tsaya ki gama sallama da dangi, Asabar ni kai ki da kaina."

Na ce a hankali, "Kawu, takardar dai Laraba ta ce."

"Ke takarda kinka karanta, ni jirgi na hau."

Inna ta yi kwana uku tana zaga Kebbe tana neman gafara gida-gida, ana cusa mata saƙon zamzam da dabino.

Asabar muka isa Sakkwato, Kawu a gaba da kurfoti a hannu. Filin fayau, an share shi tas. Wani ma'aikaci ya duba takardar, ya dubi Inna.

"Mama, jirgin Laraba ai Laraba ya tashi. Kuma shi na na ƙarshe."

Inna ta zauna a kan akwatinta. Kawu ya waiga hagu da dama, ya gyara hula.

"Wanga ba fili ba na," ya ce. "Filin da bai san jiran manya ba? A Kano da..."

"Gidaɗo," in ji Inna, ba ta ko ɗaga kai ba, "ɗauki akwatin ga. Kai za ka shiga Kebbe da shi bisa kanka, kai za ka yi ma mutane bayani."

Haka aka yi. Daga tasha har ƙofar gidanta ya ɗauke shi, mata suna leƙowa ta katanga suna yi wa Hajiya barka da sauka.