Shekara Bakwai, Har Yau Ba a Ɗage wa Yaya Saratu Horo Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayata Saratu, kuma ba don wasiƙar da ta zo mini makon jiya ba, da na bar ranar ta wuce shiru kamar yadda na saba. Ikkilisiyarmu ta Peckham ce ta rubuto. Wai sun buɗe ɗakin raba wa mabuƙata abinci, suna so su sa masa sunanta, suna neman yardata tunda ni kaɗai ce 'yar'uwarta a Landan. Sau uku na karanta ina neman inda suka ba da haƙuri, ban gani ba.

Bari in faɗi abin da wasiƙar ta tsallake. Yaya ta mutu tana ƙarƙashin horo. Ga wanda bai san al'adarmu ba, horo shi ne a kira sunanka gaban jama'a ranar Lahadi, a hana ka cin jibin Ubangiji, a mayar da kai bencin baya har sai ka tuba. Daga gida muka ɗauko abin, muka tsallako teku da shi, ko ƙwarzane bai yi ba.

Laifinta kuwa ga shi. A benenmu na Thamesmead akwai wata tsohuwa Musulma 'yar Gana, Mama Adiza, wadda ɓarin jikinta ya shanye. 'Yarta ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin Lahadi ba ya ƙyale ta. Sai Yaya ta ɗauki Lahadin. Ta yi wa tsohuwar wanka, ta sauya mata zane, ta dama koko ta ba ta a baki. In azahar ta yi, ta zuba mata ruwan alwala, ta juya mata kujera ta fuskanci alƙibla. Duk wanda ya san nisan Thamesmead da Peckham a bas ya san ba a haɗa wannan da sujadar safe.

Rashin zuwa coci da sun haɗiye shi, don rabin ikkilisiyar ma aiki suke tafiya ranar Lahadi. Alwalar ce ta tsaya musu a wuya. Dattawa suka kira ta, ni na raka ta. Babbansu ya ce, "Saratu, ayyuka ba sa ceton kowa, bangaskiya ce. Kina tsammani wankan tsohuwa zai kai ki sama?"

Yaya ta ce, "Baba, ba sama nake saye ba, kyauta aka ba ni. Cikin kyautar nake ɗibar wa maƙwabciyata. In na bar ta cikin fitsari na yi rushing na kama bas na zo ina waƙar ƙauna, wa nake yi wa waƙar?"

Suka ce taurin kai ne. Lahadin da ta biyo baya aka kira sunanta.

Koyarwar dattijon daidai take, a kanta aka rene mu. Amma a sanina an ba mu ita ne don kada mai aikin alheri ya yi fahariya, ba don wanda ya naɗe hannu ya sami sandar dukan mai yi ba. Yaya ba ta taɓa raba bangaskiya da ƙauna da aiki ba. Ta gaskata, gaskatawar ta sa ta ƙaunaci mutane, ƙaunar kuma ta ɗauki soso da sabulu. Su dattawan sun tsaya a na farko sun kafa tanti.

Ba a yi shekara ba ciwo ya kwantar da ita, ya tafi da ita. A al'adarmu, in 'yar zumuntar mata ta mutu, mata kan ɗaura zanen zumunta iri ɗaya su raka gawa da waƙa da kiɗan tulu. Shekara ashirin Yaya tana ɗaura zanen nan tana raka gawar wasu. Ana jibi jana'izarta, Uwar Zumunta ta kira ni a waya ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, ba za mu sa zane ba, ba a yi clearing ɗinta ba, ba a ɗage mata horo ba." Suka zo cikin baƙaƙen kwat suka jeru kamar masu jiran bas. Wannan ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Da Yaya za ta ga ɗakin abincin nan, na san ta. Dariya za ta yi, ta ce ashe ayyuka sun sami shiga, sannan ta ɗaura ɗankwali ta hau jidar buhunan shinkafa ba tare da ta dubi sunan da ke ƙofar ba. Ni ba ita ba ce. Shekara bakwai ban taka cocin ba, kuma in za a bi gaskiya, ban yi wa kowa wanka ba. Fushi kawai na riƙe, shi ma bai ciyar da kowa ba. Wannan yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Duk da haka na kira sabon faston ikkilisiyar na ba shi sharaɗi ɗaya. Gaban jama'a aka sa mata horo, gaban jama'a za a ɗage shi, sannan su ɗauki sunan. Ya ce, "Mama, ai wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya buƙatar a ɗage masa horo." Na ce, "Haka ne, Fasto. Allon suna ma ba ta buƙatarsa. Ku ne kuke buƙata."

Abin da ya rage na Yaya ba suna ba ne. Wata tsohuwa ce da ta yi Lahadinta na ƙarshe-ƙarshe cikin tsabta da mutunci, da tambayar nan da ta yi wa dattawa, wadda har yau babu wanda ya amsa, har da ni. Su ci gaba da raba abinci, Allah ya sa albarka. Sunan kuwa yana hannuna, kuma ba zan saki ba sai ranar da suka miƙe gaban jama'a suka ce Saratu ba ta yi laifi ba.