Ladan a Ɗakin Ƙasan Coci

Ladan haifaffen Zariya ne, injiniyan kwamfuta a wani kamfani da ke Germantown. Hausawan yankin Washington duk sun san shi, domin shi ke haɗa lasifika a kowace walimar suna da taron sallah. Matarsa Hansatu ma'aikaciyar jinya ce, 'yarsu ɗaya, Kausar. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne kwalbar giyar da ke ɓoye a but ɗin motarsa.

A liyafar ofis ya fara kurɓa, don kada a riƙa yi masa kallon baƙo. Da korona ta zo, yana aiki daga gida, Hansatu kuma kullum tana asibiti, abin ya kama shi sosai.

Wata Asabar da safe ya ɗauki Kausar zai kai ta Islamiyya. Tun ranar Juma'a ya rantse ya bari, bai sha komai ba. Suna kan babbar hanyar 270 hannuwansa suka fara karkarwa a kan sitiyari, gumi ya jiƙa masa riga, layukan titi suka riƙa rabuwa biyu. Motar ta karkata gaban wata tirela, direban ya danna hon. Kausar ta ƙwala ihu, ta tambaye shi da Turanci ko mutuwa za su yi. Da ƙyar ya gangara gefe ya tsaya. Ya daɗe kansa a kife, ya kasa juyawa ya kalle ta.

Ya nemi likitar da ba ta san Bahaushe ko ɗaya ba. Ta ce masa wanda jikinsa ya saba haka, in ya yanke giya farat ɗaya shi kaɗai, jijjiga na iya kama shi har ya rasa ransa. Ta ba shi magani, ta ce lallai ya nemi taron masu fama irin nasa, waɗanda ke zama suna ƙarfafa wa juna gwiwa.

Da ya duba a waya ya ga tarukan ba su da iyaka, safe da rana. Amma kowanne ya buɗe sai gabansa ya faɗi. Na Germantown yana kusa da ofishinsa. Na Hyattsville yana kallon shagon da Hansatu ke sayen daddawa da kuka. Na College Park kuwa, ɗaliban da ke kiransa Kawu sun cika unguwar. Ga shi yawanci a ɗakin ƙasan coci ake yi. Ya rasa wanne ya fi muni, a ce an gan shi cikin mashaya, ko a ce an ga Ladan yana shiga coci.

Ya zaɓi wani taron tsakar rana a wani ƙaramin gari can arewa. Zuwan farko bai ko fita daga mota ba. Na biyu ya sauka matakalar ɗakin ƙasan cocin da ake taron. Wata dattijuwar Baturiya mai suna Debbie ta miƙa masa kofi, ta tambayi sunansa na farko kawai.

Yana faɗa sai wani baƙin mutum mai furfura da ke jera kujeru ya ɗago kai.

"Malam Ladan, sannu da zuwa," in ji mutumin, da Hausa tsantsa.

Ladan ya ajiye kofin. Duk tafiyar nan don gudun mai jin Hausa ya yi ta. Ya juya zai hau matakala.

"Tsaya, Malam. Sunana Katung, daga Kagoro, direban bas ne ni. Na taɓa ganinka a wani biki kana gyara lasifika."

"Don Allah ka rufa mini asiri," in ji Ladan. "Ina da iyali."

"Ni ma ina da su. Kana tsammanin me ya kawo ni garin nan? A cocinmu ni dattijo ne. In na ce na gan ka, sai a tambaye ni a ina. Zauna kusa da ƙofa, in ka ji ba za ka iya ba ka fita, ba mai riƙe ka."

Ladan ya zauna. Ranar sauraro kawai ya yi. Ya koma mako na gaba, da na bayansa.

Tsoron bai sake shi ba. Duk kiran da ya shigo daga wani na gida sai ya ɗauka maganar ta fita. Wata rana yana tura keken kaya bayan Hansatu a shagon Hyattsville, sai ga Katung a layin biya. Katung ya dube su kamar bai taɓa ganin Ladan ba, ya ɗauki doyarsa ya fita.

A mota Hansatu ta ce, "Baban Kausar, jikinka rawa yake yi."

A nan wurin ajiye motoci ya faɗa mata komai. Ta ce ta daɗe da sani, tana jinyar irinsu a asibiti, tsoron yi masa magana ne ya hana ta. Ta karɓi makullin ta ja motar.

Har yanzu Ladan yana zuwa taron duk Talata, kuma har yanzu sai ya waiga hagu da dama kafin ya sauka matakalar. Kwanan baya Debbie ta ba shi aikin gyara musu lasifikar ɗakin.