Baba Harouna da ƙarar da ke ƙarƙashin kujerar baya

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 15 ga Mayu, 2025, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Harouna Ibrahimu, mai ɗinkin kujerun mota, a gidansa da ke Treichville, a birnin Abidjan. Shekararsa sittin da takwas a takarda, ko da yake shi yakan ce takardar ta cinye masa biyu. An yi masa salla washegari bayan Juma'a a babban masallacin Treichville, aka kai shi makwancinsa a Williamsville. Ni ne Abdulwahid, wanda yake kira Injiniya. Wata bakwai kaɗai na san shi, kuma akwai maganar da ta rage tsakaninmu, wadda dole in faɗa a gaban mutane.

Baba, a watan Oktoba na fara ganinka, ranar da na kama aiki a kamfanin da ke shigo da motocin lantarki a bakin tashar jiragen ruwa. Aikina shi ne duba kowace mota kafin a miƙa wa mai ita, in sa hannu. Kai kuma kana da atiliye, wato shagon ɗinki, a bayan sito, kai da ɗanka Saminu da ma'aikata takwas, kuna ɗinka rigunan kujeru, domin babu mai karɓar mota a Abidjan ba tare da su ba. Na gaishe ka da Faransanci, ka amsa da Hausa. Ka tambayi sunan mahaifina da garin kakana, sannan ka ce, "To, daga yau Hausa za ka yi mini, ko da ta karye." Da azahar ka aiko mini da garba, abincin rogo da kifi, a leda, ka ce wanda ya fito daga lakkal, wato makaranta, jiya bai san inda ake samun mai kyau ba.

Kai ka fahimtar da ni abin da ba a koya mana ba. Motar fetur tana rufe aibinta da rurin inji. Ta lantarki ba ta da abin rufewa. Da an ja ƙofa sai shiru, kuma a cikin shirun nan kowane ɗan sakaci yana magana: robar ƙofar da ba ta zauna ba, wayar da ke taɓa ƙarfe, murfin da ya yi sako-sako. Ina da na'urar auna ƙara, kai kana da kunne da tafin ƙafa. Kakan cire takalmi ka zauna a baya, ka sa a rufe gilashi, a kashe kilim mai sanyaya mota, a kashe waya, har tasbahar da ke madubi sai an sauke ta. Haka za mu tashi daga Treichville, mu haye gada, mu kai Adjamé mu dawo. Idan cunkoso ya kama mu, babu buɗe taga. Na taɓa duba agogo: minti hamsin da biyu a wuri ɗaya, gumi yana shiga mini ido, yaran bas ɗin haya na gbaka suna ta ihu a waje kamar daga wata duniya, kai kuwa ido a rufe. Da na yi motsi sai ka ce, "Injiniya, rigarka tana surutu."

Wata mata ta dawo da motarta sau uku saboda wata ƙara. Sau uku ina aunawa ban sami komai ba, har shugabanmu ya fara duban takardar shaidata da wani irin ido. Ka shiga motar, ba mu kai gada ba ka ce in tsaya. Ka zura yatsa a hanyar da kujerar gaba ke zamewa, ka fito da ɗan dutsen ado na kitson 'yarta. Da muka koma ka ce wa shugaba, "Injiniya ya gano ta." Ban gano komai ba. Ban kuma ƙaryata ka ba, domin ina tsoron rasa aikin.

Yanzu ga maganar.

A watan Maris atiliyenka ya sa wa motoci ashirin da huɗu riguna, na wani kamfanin taksi. Ranar 7 ga Afrilu na sa hannu aka miƙa su. Kafin wata ya ƙare direbobi suka fara kawo kuka: akwai wani ɗan "tak" a baya idan an hau rami. Na auna, na sami desibel sittin da ɗaya a gudun kilomita hamsin, wanda bai wuce ƙa'ida ba. Na rubuta cewa lafiya lau.

Ranar Juma'a, 2 ga Mayu, da safe, ka ce mu fita da ɗaya. A kan hanyar Adjamé ka buɗe ido tun ba mu tsaya ba, abin da ban taɓa ganin ka yi ba. Muka ɗaga kujerar baya. Bulon ɗin, wato notin da ke riƙe kujerar, wanda kuma shi ne ke riƙe ɗamarar fasinja, yana juyawa da yatsa biyu.

Ba laifin masana'anta ba ne. Don a sa riga sai an cire kujera, kuma a waɗannan motoci batir yana shimfiɗe a ƙarƙashin dabe. Kai ne ka tara yaranka tun ranar farko ka ce musu, "Ku bi a hankali, akwai wuta a ƙasa." Suka ji maganarka. Mutanen da suka saba ɗaure bulon ɗin tsofaffin taksin woro-woro da dukkan ƙarfinsu suka riƙa juya waɗannan da tsoro, suna tsayawa da zarar sun ji ya ɗan kama. Tausayinka ne ya jawo, ba ganganci ba. Ka daɗe kana kallon bulon ɗin, sannan ka ce, "Ni ne. Bakina ne ya kwance shi."

Na ce dole in rubuta rahoto a janye motocin duka. Ka ce idan na rubuta, za a karɓe aikin daga atiliye, kuma gida tara ne ke ci daga nan, ban da naka. "Ba ni mako biyu, ɗana. Ara mini sifanar nan taka mai ma'auni. Ni na san inda suke tsayawa."

Na ba ka. Wannan shi ne abin da na aikata, kuma ba zan ɗora maka shi ba.

Kwana goma sha uku kana zuwa Adjamé bayan Azahar, da sifanar a jaka a kafaɗa, cikin ruwan saman Mayu, kana bin tasha-tasha. Direbobi sun gaya mini yadda kake roƙonsu minti goma, ka durƙusa a kan kwali, ka ɗaure, ka ƙi karɓar ko ruwan leda. Ni kuwa ina ofis, duk wayar da ta yi ƙara sai in zaci za a ce taksi ya yi karo, fasinjan baya ya fita ta gilashi. In na faɗa, na kashe atiliye. In na yi shiru, ina wasa da ran mutanen da ban sani ba. Ranar Talata, 13 ga wata, na roƙe ka ka ba ni lambobin motocin da ka gama. Ka yi dariya ka ce, "Wace lamba? Na san su da fuskar direbobinsu. Saura kaɗan." Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Baba, ban san nawa ne kaɗan ba. Saminu yana zaton ka gama goma sha shida ko sha bakwai. Direbobin suna musayar mota tsakanin safe da yamma, wasu ba su ma san an taɓa tasu ba. Na bi na tabbatar da goma sha ɗaya. Sauran goma sha ukun suna yawo a gari da mutane a baya.

Ranar Lahadi, bayan addu'ar uku, na zauna da Saminu da mahaifiyarsa Hajiya Tabawa na faɗa musu abin da zan yi. Saminu ya ce, "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, za ka kai sunansa ofis?" Hajiya ta ce, "Ranar Alhamis ma da jakar a hannunsa ya faɗi, yana shirin fita. Ɗauko masa ita, Saminu." Ya ɗauko ya ajiye a gabana. Bai raka ni ƙofa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Jiya Litinin, 19 ga Mayu, da ƙarfe takwas da rabi, na miƙa rahoton. Na rubuta cewa atiliye ne ya ɗaure bulon ɗin da rauni, da dalilin da ya sa. Na rubuta cewa kai ka gano, ba na'ura ba, ba ni ba. Na rubuta cewa na sani tun 2 ga wata na ɓoye. Shugaba ya karanta, ya ba da umarni a kira motocin. Ban san makomar atiliye ba, ban san tawa ba. Na roƙa a bar Saminu da mutanensa su yi gyaran a gabana, ba a amsa mini ba tukuna.

Duk direban da wannan magana ta isa gare shi, in motarsa tana cikin ashirin da huɗun nan, don Allah kada ya ɗauki kowa a baya sai ya kawo ta. Ko Baba ya taɓa ta, a kawo. Minti goma ne.

Ka roƙe ni mako biyu, Baba, na ba ka, Allah bai ba ka cikonsu ba. Ka yafe mini abin da na yi bayanka, kamar yadda nake roƙon fasinjojin da ban sani ba su yafe mana mu biyu.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Harouna. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi tafiyar kwana goma sha ukun nan a cikin ayyukansa na alheri. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Tabawa, da Saminu, da 'yarsa Hafsatu da 'ya'yanta, da ma'aikatan atiliye, da dukkan jama'armu ta Treichville da Adjamé. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya buɗe muku ƙofar abinci ko ta ina, Ya kuma tsare duk wanda ke zaune a bayan motocin nan har su iso. Amin.