Dije, Ina Doya?

Duk hutun makaranta mahaifiyarmu takan sa mu a mota daga Lugbe, ni da yayana Bulus, mu tafi wani ƙauye a bayan Kwali wurin kakarmu. Kaka maginiyar tukwane ce. Ranar da za ta gasa su, tun la'asar ake jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Kafin magariba harshen wutar ya kwanta, ya rage garwashi. Nan mu jikoki muke zagayewa muna gasa masara, ita kuma tana kan 'yar kujerarta da doguwar sanda, kunnenta na wurin tukwanen. In wata ta fashe a ciki takan ce, "Wannan ta ƙi duniya," ta ci gaba da zancenta.

Da yake Gbagyinmu na 'yan birni bai nuna ba, da Hausa take mana tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Wadda ba ta barin raina ita ce ta Kande mai waƙar daka. A wata shekarar yunwa, Kande ta hango maƙwabciyarta Dije, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, tana tonon doya a gonar da ba tata ba tana ɓoyewa a zane. Kande ba ta kai ƙara ba. Sai da mata suka taru a bakin turmi washegari ta ɗaga murya:

"Dije, ina doya?"

Ta ba kanta amsa: "Doya na cikin zane."

Kafin a tankaɗe gari duk matan sun ɗauka. Kafin kwana uku yara na yi a hanyar rafi. Dije ta kwashe 'ya'yanta ta koma wani gari, ta tarar waƙar ta riga ta isa. Da damina ta yi tsakiya ta ce za ta ɗebo ruwa, aka tsinci tulunta a bakin kogi, ita ba a gan ta ba.

Kande ta bi gida gida tana roƙo a daina. Kowa ya rantse ya daina, amma da taɓarya ta sauka sai baki ya suɓuce. Ta yi sababbin waƙoƙi goma don su binne waccan, ko ɗaya ba ta kama ba. Ranar da take kwance tana jiran ajali, matan da ke dakan abincin masu dubiya waƙar Dije suke rerawa a bayan ɗakinta, ba su ma san suna yi ba.

Sauran yara suka koma kan masararsu. Ni kuwa, 'yar shekara tara, na ce, "Kaka, me ya sa waccan ta kama, goman suka ƙi?"

Ta dube ni. "Duk labarin nan, abin da kika tsinto ke nan, Talatu?"

Amma ta gaya mini, don ita ma gwanar waƙa ce. Ta ce amshi kada ya fi numfashi ɗaya, yadda mai kaya a ka za ta iya yinsa tana hawa tudu. Ta ce kalma ta sauka inda taɓarya ke sauka. Ta ce a yi tambaya a bar wa jama'a gurbin amsa, don mutum ba ya manta waƙar da ya sa bakinsa a ciki. "Kuma kada ki ce yunwa, ki ce doya. Kada ki ce kunya, ki ce zane. Abin da ido ya gani shi kunne ke riƙewa." Ta so ta ƙara wani abu, sai tukunya ta fashe ta watso garwashi, ta miƙe da sandarta.

Da waɗannan na ci abinci. Na girma na zama mai rubuta wa mawaƙa baiti a wani situdiyo a unguwar Gudu, kuma ogan wurin yakan ce amshina kamar ƙaiƙayi yake, sai an sosa.

Yaya Bulus kuwa giya ta kama shi. Ranar jana'izar mahaifiyarmu ya zo a buge, ya faɗi a bakin kabari gaban fasto da dangi. Na koma ɗaki na ɗauki biro, cikin minti kaɗan waƙa ta fito:

"Bulus, ina gida?
Gida na cikin kwalba."

Mai haɗa mana kiɗa ya ce, "Anti Talatu, wannan za ta tashi gari. Amma mu canza sunan mana." Na ce a'a, sunan ya zauna daidai a kan kiɗan. Gaskiya na faɗa, sai dai ba ita ce dukan gaskiyar ba.

Kafin waƙar ta fito an yi wata biyar, kuma a cikin watannin nan Bulus bai taɓa kwalba ba. Faɗuwar nan ta farkar da shi. Ya samu aikin jan motar wata makaranta, yana komawa coci. Na sani, don gida ɗaya muke haya. Ban tsayar da waƙar ba.

Ta tashi garin kuwa. Ana rawarta a bukukuwa, tana fita daga wayoyi da shagunan aski. A unguwa kowa ya san wanda ya rubuta da wanda ake nufi. Yaran da yake ɗauka suka fara yi masa ita daga kujerun baya, iyaye suka ji, aka sallame shi.

Ya same ni ina wanki a tsakar gida. Na shirya wa zagi, har ma da mari. Sai ya tsaya ya ce, "Talatu, waƙar ta yi daɗi. Jiya ni ma na tsinci kaina ina yin ta."

Ba a cika shekara ba mota ta kaɗe shi yana tsallaka titin filin jirgi, ya rasu. Ko a buge yake ko ba a buge ba, ban tambaya ba, ba na kuma son a gaya mini.

Na daɗe ina cewa da Kaka ta ƙarasa maganarta da ban yi abin da na yi ba. Yanzu na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Ta ƙarasa tun kafin in yi tambaya, ni ce na saurari waƙar na bar Dije.

Har yau samari da 'yan mata na zuwa da litattafansu in duba musu baiti. Ina koya musu duk abin da na iya, ba na rowa. In na ga sunan mutum a ciki sai in ce, kafin ka shiga situdiyo, je ka same shi ka rera masa, ku biyu kaɗai. In ba za ka iya kallon idonsa har ka kai amshi ba, yaga takardar. Sukan yi dariya su ce ai mai sunan yana da nisa.

Ni ban je ba, alhali tsakanin ɗakina da na Yaya Bulus bango ɗaya ne.