Baba Agogo, Wanda Muka Hana Zaɓe Ba Mu Sani Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Agogo yake jingine kekensa a bayan ofishin kwalejin horon malamai, ya buɗe tagogi, ya shiga raba fayil tebur-tebur. Masinja ne. Bai iya karanta sunan da ke bangon fayil ba, amma da launi da kauri yake gane na kowa, kuma ba a taɓa jin ya kai na ma'aji ɗakin shugaba ba. Shekara talatin da huɗu yana haka. Makon jiya ya yi ritaya, kuma sai a ranar muka san cewa bawan Allahn nan ya yi shekara goma sha tara bai jefa ƙuri'a ba, mu malaman kwalejin ne sanadi.

Sunan Agogo a ɗakin muhawara ya samo shi. Kowace Laraba da la'asar shi ke jera kujeru, ya zauna a gefe da agogon tebur da 'yar ƙararrawa, ya ba kowane mai magana minti biyar. Lambobin agogo kaɗai ya iya karantawa, amma fa ya iya su. A gabansa 'yan gurguzu suka yi ta rantsuwa cewa wata rana ma'aikaci zai mallaki masana'anta, 'yan jari-hujja suna cewa kowa ya ci guminsa. In an tashi, duka ɓangarorin biyu su kaɗe riga su fice, su bar masa kujera tamanin ya kwashe. Ya taɓa ce wa Malamin Tarihi, mai kula da muhawarar, "Ranka ya daɗe, masu son talakan nan ko kujera ɗaya ba su taɓa kama mini ba." Aka yi dariya, kuma ba wanda ya kama.

Zaɓe kuwa, a da shi ne farkon layi. Zai sa farar rigarsa, ya dawo yana nuna wa malamai tawadar da ke yatsansa kamar wanda ya ci kyauta.

Sai shekarar da autarsa ta shiga kwalejin, ta kai zagayen ƙarshe na gasar muhawarar. Batun ranar: wanda bai iya karatu ba bai cancanci jefa ƙuri'a ba. Al'adarmu ita ce a zuba takardu a hula a ɗakin malamai, kowa ya zari ɓangaren da zai kare, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba. Auta ta zaro goyon baya. Wannan al'ada kowa ya san ta, ban da mutumin da ke can yana jera kujeru lokacin da ake yin ta.

Yarinyar ta yi magana, wallahi har gashin jiki ya tashi. Ta ce yaya za a danƙa makomar ƙasa a hannun wanda sai ya nemi hoton jam'iyya kafin ya san inda zai dangwala? Ɗaki ya ɗauki tafi. Baba yana zaune taku uku daga gare ta, idonsa a kan agogo. Ko daƙiƙa ɗaya bai rage mata ba.

Abokin karawarta wani dogo ne da ake kira Kwamared. Ya tsaya dogon sharhi a kan masu jari, sai da lokacinsa ya zo ƙarshe sannan ya juyo ya nuna gefe, ya ce, "Ku dubi dattijon nan da ke riƙe mana..." Baba ya kaɗa ƙararrawa. Alƙalai uku suka ba Auta kofi.

"Haba Baba," in ji Malamin Tarihi bayan an watse, "da ka ƙara masa ko rabin minti. Kai fa yake karewa."

"Biyar-biyar aka ce mini, ranka ya daɗe."

Kai ne mai gaskiyar da ba ta duba fuska, Baba. Kai ne ka katse mai kare ka, ka cika wa mai sukar ka lokacinta, sannan ka ɗaura kofin a bayan keke ka kai gida kana yi wa maƙwabta albishir. Mun yaba maka a ranar, muka wuce. Ko ɗayanmu bai tsaya ya tambaye ka yadda ka ji ba.

A wajen bikin sallamarsa mai ɗakinsa ta fasa maganar. Malamin Tarihi yana tsokanarsa cewa yanzu sai ya tsaya takara, sai ta ce, "Wace takara, mutumin da ko zaɓe ya daina? Tun ranar kofin nan ya sa katinsa a ƙasan akwati. Ya ce masu ilimi sun zauna sun yanke hukunci, shi wane ne."

Auta, wadda yanzu shugabar makaranta ce, ta zube a gabansa tana kuka. "Baba, takarda na zara a hula! Da ɗayar na zaro, da kai zan kare. Koyon magana ne kawai."

Baba ya dube ta, ya ce, "To alƙalan fa? Su ma koyo suke yi?"

Malamin Tarihi ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe mu duka, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Mun gode, Baba Agogo, ka yafe mana. Masu riƙe wa jama'a amana, ƙarama ko babba, su riƙe ta yadda ka riƙe taka. Mu kuma masu baki, kafin mu yi muhawara a kan talaka, mu waiwaya mu ga ko yana cikin ɗakin.

Auta ta ce ranar Litinin za ta kai shi ya sabunta kati. Sai da muka rako shi bakin ƙofa ya ja ta gefe, ya rage murya, ya tambaye ta ko a can za a ce ya karanta wani abu.

Ba za a ce ba, Baba. Dama can ba a taɓa cewa ba.